Zanen ƙasar Dendi daga nesa: daga Bernatz zuwa manhajojin zana ƙasa

1. Gabatarwa

Wannan takarda tana duba yadda aka riƙa zana fasalin ƙasa ba tare da mai zanen ya taka ta ba, da yadda littattafai da mujallu suka yaɗa irin wannan zane har ya zama abin gaskatawa. Mun ɗauki ƙasar Gaya, cikin jihar Dosso, a matsayin ma'auni. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda arzikinta yake cikin kwari da fadama, kuma nan ne Nijar da Benin da Najeriya suka yi iyaka. A irin wannan wuri kuskuren zane yana iya komawa rigimar gona ko ta tsibiri.

2. Masu zane na ƙarni na 19

A watan Yuni na 1853 Heinrich Barth ya taso daga Gwandu, ya ratsa kwarin Foga inda ya tarar da masu dafa gishiri, ya isa Say ranar 20 ga wata. Hotunan littafinsa mai juzu'i 5 (1857-1858) Johann Martin Bernatz ne ya yi su a Jamus, bisa ɗan zanen da Barth ya yi a kan hanya. Bernatz ya san Habasha, amma bai taɓa ganin kogin Kwara ba. Abin da matafiyi ya bari babu cikawa, kamar launin sama da surar itatuwa da hasken rana, mai zane ne ya cika shi daga abin da idonsa ya saba.

A Faransa wannan aiki ya zama sana'a. Mujallar Le Tour du monde, wadda Édouard Charton ya kafa a 1860, tana da masu zane a Paris waɗanda aikinsu ke nan, kuma a ƙarƙashin hoto akan rubuta cewa an yi shi bisa zanen matafiyin. Wannan ɗan rubutu shi ne shaidar da mai karatu yake riƙewa. Édouard Riou, wanda ya zana hotunan labarin ƙirƙira na Jules Verne, Cinq semaines en ballon, shi ne kuma ya zana na littafin Monteil (1895), hafsan da ya bi ta Say da Argungu zuwa Sakkwato a 1891. Hannu ɗaya ya yi wa ƙage da rahoto ado.

3. Zuwan na'ura mai ƙwaƙwalwa

A 1975 Benoît Mandelbrot ya fitar da littafinsa kan surorin da ya kira fractales, wato surorin da ƙaramin ɓangarensu yake kama da babbansu. Daga nan aka sami dabarar ƙera dutse da lissafi: a ɗauki kusurwa uku, a raba kowane gefe biyu, a ɗaga tsakiyar ko a sauke ta bisa ƙuri'a, a yi ta maimaitawa har tsauni ya fito. Loren Carpenter, ma'aikacin kamfanin Boeing, ya nuna fim na minti 2 mai suna Vol Libre a taron SIGGRAPH na 1980, kuma da irin dabarar aka yi wani sashe na fim ɗin Star Trek II a 1982. Sai manhajoji suka sauko hannun talaka: Vistapro a farkon shekarun 1990, Bryce a 1994, Terragen a ƙarshen shekarun.

Mujallun kwamfuta sun yi maraba da su. Suna buga hotunan, suna raba manhajar gwaji cikin faifan da ke manne da mujalla, kuma ma'aunin yabo ɗaya ne: hoton ya yi kama da wanda aka ɗauka da kyamara. Amma hoton wace ƙasa? Tsauni mai tsini, ƙanƙara a kai, tafki a gindi, hazo a nesa. Sunan Bryce ma daga wani kwazazzabo na jihar Utah ta Amurka aka ɗauko shi. A ganinmu mujallun sun yi sakaci ta fuska biyu. Sun ba manhaja yabon da ya kamata a raba da mai zane, alhali shi ne yake zaɓen inda rana za ta tsaya da launin da ƙasa za ta ɗauka, daidai aikin Bernatz. Sannan ba su tambayi wace irin ƙasa ce lissafin ya kasa ƙerawa ba. Ƙuri'a tana haifar da tsini. Ba ta haifar da dallol, domin dallol tsohon kwarin kogi ne da ruwa ya sassaƙa, ga faɗi, ga gaɓar marmara mai kai a baje.

Ƙasa mai shimfiɗa kuwa, dabarar da aka saba ita ce a ninka tsayinta don ta ƙayatar. Hotunan tauraruwar Venus da hukumar NASA ta fitar daga kumbon Magellan a 1991 da 1992 an ninka tsayin duwatsunsu sau 10 har fiye da 20, jaridu da talabijin suka yaɗa su, sau da yawa ba tare da faɗin haka ba. Abin ya kai masanin taurari David Morrison ya yi shelar kafa ƙungiyar masu cewa Venus shimfiɗaɗɗiya ce, cikin raha.

4. Gaya cikin ma'aunin tsayi

A watan Fabrairu na 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tsayin doron ƙasa da radar, aikin da aka sani da SRTM. Daga nan kowa yana iya zuba ma'aunin Gaya cikin manhaja ya ga ƙasar a tsaye. An fara sakin na Afirka da awo ɗaya a kowane mita 90, sai a 2014 aka saki na mita 30.

Ɗalibin da zai yi aiki da wannan ma'auni ya kamata ya san halinsa. Kuskuren tsayi da aka ƙayyade wa aikin ya kai mita 16, alhali a dallol Mauri tazarar da ke tsakanin fadamar da ake shuka rake da jigawar gero ba ta kai haka ba. Radar ɗin kuma ba ya ratsa duhuwar itace sosai, saboda haka dajin giginya na Gaya yana iya fitowa kamar tudu. Ga kuma lokacin awon: Fabrairu ne, sa'ad da ruwan da ya taso daga Gine yake wucewa ta nan, kogi a cike, yashi da gefen tsibirai a nutse. Hoton da aka gina a kan wannan yana iya yin kyau ƙwarai, amma ba zai nuna wace unguwa ruwa zai fara ci ba a ambaliya irin ta 2012.

5. Shari'ar Lete

Rigimar tsibirin Lete tsakanin Nijar da Dahome ta jawo asarar rayuka a 1960, ta sake tashi a 1963. Kotun Duniya da ke La Haye ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli 2005, shekarar da Google Earth ya fito. Tambayar da ke gaban alƙalai ita ce ina babbar hanyar jirgin ruwa take a 1960, lokacin samun ƴancin kai, kuma amsar tana ƙarƙashin ruwa, inda mai zane da radar duka ba sa gani. Sun dogara da wasiƙar da Sadoux, kwamandan Gaya, ya rubuta ranar 3 ga Yuli 1914, wadda ta ɗauki wannan hanyar jirgi a matsayin iyaka, da kuma awon zurfin kogi, musamman rahoton kamfanin NEDECO na ƙasar Holan na 1970. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. A kan gadojin Gaya da Malanville ma, kotu ta ce iyaka tana bin layin da ke cikin ruwa, wato inda kogi ya fi zurfi a ƙarƙashinsu.