Taƙaitaccen Tarihin Makarantunmu a Zamanin Turawa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kawo mu bikin cikar ekklisiyarmu shekara 50. 'Yan'uwa cikin Kristi, yawancin dattawan da suka kafa wannan ekklisiya 'ya'yan makarantun mishan ne, don haka ya kamata mu san yadda makarantun suka samu, da kuma wanda ya ɗauki nauyinsu.

Bayan da Turawa suka ci ƙasar Arewa a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa ba zai taɓa addininsu ba. Saboda haka aka taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi. Makarantar gwamnati ta farko ita ce wadda Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, sai Kwalejin Katsina a 1922. An yi su ne musamman domin 'ya'yan sarakuna da malamai da ma'aikatan En'e.

A ƙauyukanmu kuwa, mai bishara shi ne malami. A ƙarƙashin itace ko cikin ɗakin sujada na jinka yake koyar da karatu da rubutu, nufinsa kowa ya iya karanta Maganar Allah da kansa. Da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, sai ƙishin karatu ya ƙaru. Mishan SUM ta buɗe Gindiri a 1934 domin horar da masu bishara da malamai. Iyayenmu su ne suka buga tubali, suka yanko ciyawa, suka noma gonar malami.

Kuɗin gwamnati bai shigo sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 Majalisar Ingila ta ware fam miliyan 120 domin raya dukan ƙasashen da take mulki cikin shekara goma. A 1948 aka yi sabuwar dokar ilimi a Nijeriya, aka kuma karɓi tsarin gudummawa na Phillipson. Bisa ga tsarin, gwamnati za ta biya albashin malamai, amma sai ta cire kason da ta ƙiyasta jama'ar wurin za su biya. Akwai kuma sharuɗa: malamai masu takardar shaida, gini mai kyau, da zuwan mai duba makarantu. Waɗansu mishan sun daɗe suna jinkirin karɓa, don tsoron kada makaranta ta rabu da bishara. Da suka karɓa, makarantun firamare suka yawaita, aka buɗe sakandaren maza ta Gindiri a 1950. Daga nan muka sami fastoci, malamai, da ma'aikatan asibiti.

Bayan mulkin kai, cikin shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantun mishan.

Abin lura shi ne, gudummawar gwamnati ta tarar da makaranta a tsaye, domin iyayenmu ba su jira ta ba kafin su fara. Yau akwai marayu da 'ya'yan gwauraye a cikinmu da ke zaune a gida saboda kuɗin makaranta. Muna roƙon dattawa, Zumuntar Mata da matasa, mu tuna da su cikin baikon wannan biki. Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta iyayenmu. Amin.