Yadda Ud da Kora Suka Shiga Tarukan Kiɗan Barok

A tarukan tsohon kiɗan Turai na yau, ba abin mamaki ba ne a ga mai kaɗa biyola da gamba, wani babban goge da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, yana zaune kusa da mai ud, wato molon Larabawa, daga Maroko ko mai kora daga Mali. Masana sun rabu a kan wannan: wasu na ganin an maido wa kiɗan ransa, wasu na cewa ado ne kawai na jawo 'yan kallo. Ba a fahimtar gardamar sai an bi hanyar da aka biyo.

Kiɗan barok shi ne na Turai daga wajen 1600 zuwa 1750, shekarar da Bach ya rasu. Bayan wannan zamani mafi yawansa ya kwanta a ɗakunan ajiya. Mendelssohn ya farfaɗo da wani babban aikin Bach a Balin a 1829, amma da kayan kiɗan zamaninsa. Arnold Dolmetsch ne ya dage a kan a ƙera tsofaffin kayan a kaɗa da su, har ya kafa bikin Haslemere a Ingila a 1925. Nikolaus Harnoncourt ya kafa Concentus Musicus a Biyana a 1953, aka koma tsirkiyar hanji da tsohon salon riƙe baka.

A nan matsalar ta fito fili. Takardun da aka gada ba su faɗi komai da komai ba. Na ƙarni na 13, tun kafin barok, sau da yawa layin waƙa ɗaya ne tak, babu bayanin kayan da za a kaɗa ko saurin da za a bi. Na barok sun fi cika, duk da haka mawallafi kan rubuta amon ƙasa da 'yan lambobi a kansa, ya bar wa makaɗi ya cike sauran nan take. Lamarin kamar a ba mutum rubutattun baitocin waƙar fada ne a ce ya fitar da amon kotso daga cikinsu, alhali bai taɓa jin an kaɗa ba. Makaɗan Turai da aka horar su bi takarda harafi da harafi sun rasa wannan gwaninta, dole suka nemi inda take da rai.

Thomas Binkley, Ba'amurke da ya kafa Studio der Frühen Musik a birnin Munik a 1960, ya same ta a Maroko, inda ƙungiyoyin kiɗan Andalus suke riƙe da gadon da suka ce daga Sifaniyar Musulmi ya zo. Ya ɗauko tsarinsu na buɗe waƙa da doguwar shimfiɗa ta kayan kiɗa, da yadda kowane makaɗi yake yi wa layi ɗaya nasa ado. Yana da hujja: lut, molon Turai, daga ud ta samo asali, makaɗi Ziryab ya iso Ƙurɗuba ta Andalus daga Bagadaza a 822, kuma cikin zanen littafin Cantigas de Santa Maria na Sarki Alfonso na 10 akwai Musulmi da Kirista suna kaɗa tare. A Landan, David Munrow, wanda ya tattaro kayan busa na gargajiya lokacin zamansa a Feru, ya kafa tasa ƙungiyar a 1967. Ƙungiyar Musica Reservata kuwa ta ari kakkausar murya irin ta mawaƙan ƙauyukan Balkan. A farkon shekarun 1980 Christopher Page ya ƙalubalanci wannan salo, yana cewa yawancin waƙoƙin irin na ƙarni na 13 da murya zalla ake rera su. Ya yi nasara a wasu fannoni, amma ƙofar ta riga ta buɗe.

Ana yawan ba da wasu dalilai biyu na daban game da asalin wannan gauraye. Na farko kasuwa: a 1987 kamfanonin faifai suka yi taro a Landan suka amince da lakabin kiɗan duniya don sayar da hajarsu, saboda haka wai masu tsohon kiɗa sun bi kuɗi ne. Na biyu siyasa, wato neman fahimtar juna tsakanin Gabas da Yamma bayan hare-haren 2001 a Amurka. Dukansu sun ƙara wa abin gudu, amma shekarun ba su goyi bayansu a matsayin tushe ba. Binkley ya riga lakabin da fiye da shekara ashirin, kuma Jordi Savall da Montserrat Figueras sun kafa ƙungiyar Hespèrion XX a Bazel tun 1974, suna rera waƙoƙin Yahudawan da aka kora daga Sifaniya a 1492. Giɓin da ke cikin takardu shi ne mafari.

Akwai kuma abin da masu sukar gauraye suke mantawa: barok ɗin kansa gauraye ne. Rawar sarabanda, wadda Bach ya sa cikin kowane ɗaya daga jerin kiɗansa shida na celo, an fara ambatonta a yankunan Amurka da Sifaniya ta mallaka, kuma a 1583 an haramta ta a Sifaniya saboda ana ganin ta rashin kunya ce. Rawar cakona ma daga Amurkar ta ɓullo kafin ta zama kiɗan fada. Littafin jita na Santiago de Murcia da aka gano a Meziko yana ɗauke da kumbe da zarambeke, raye-rayen da ke da alaƙa da bayin Afirka. A Santambul kuwa, Dimitrie Cantemir ya rubuta kiɗan Usmaniyya kusan 350 wajen 1700, daidai lokacin da Corelli yake aiki a Rum.

Daga 2000 abin ya bunƙasa. Christina Pluhar ta kafa L'Arpeggiata a Faris a wannan shekara, kuma faifanta La Tarantella na 2002 ya haɗa makaɗan barok da mawaƙan gargajiya na Italiya, inda har yanzu ake kaɗa irin amon ƙasa mai maimaituwa da ke cikin takardun ƙarni na 17. Wannan haɗi yana da ƙarfi domin dangantakar a kunne ake jin ta. Faifanta na 2014 da ya cuɗa kiɗan barok na Purcell da jaz bai da irin wannan madogara, kuma ya sha suka. Savall ya fitar da Orient-Occident a 2006, da faifan Cantemir a 2009, sannan Les Routes de l'Esclavage, wanda ya bi tarihin cinikin bayi daga 1444 zuwa 1888 tare da Kassé Mady Diabaté da mai kora Ballaké Sissoko daga Mali, da makaɗan Madagaska da Meziko da Barazil.

Sukar da ta fi nauyi ita ce al'adun baka su ma suna canzawa, don haka abin da ake kaɗawa a Fas ta Maroko yau ba hoton Ƙurɗuba ta ƙarni na 9 ba ne. Richard Taruskin, a littafinsa Text and Act na 1995, ya nuna cewa ko salon da ake kira na asali ɗanɗanon zamani ne ya tsara shi. Wannan gaskiya ce, kuma ta shafi masu bin takarda zalla kamar yadda ta shafi masu gauraye. Shi ya sa wasu ƙungiyoyin yanzu suka daina iƙirarin cewa haka aka kaɗa a da, suna bayyana a takardar shirin taro abin da ya fito daga tsohon rubutu da abin da aka karɓo daga bakin makaɗan gargajiya. Inda har yanzu da sauran gyara shi ne wurin suna: galibi sunan shugaban ƙungiyar Bature ne a gaban faifai, na gwanayen da suka kawo gadonsu yana ciki da ƙananan haruffa.