KAMEN RIDER: TARIHIN WANI WASAN TALABIJIN NA ƘASAR JAPAN, 1971-1973

Gabatarwa

Ranar Asabar 3 ga Afrilu 1971, da ƙarfe bakwai da rabi na dare, gidan talabijin na MBS da ke birnin Osaka da takwaransa na NET da ke Tokiyo suka fara nuna wani sabon wasan yara mai suna Kamen Rider, watau mahayi mai rufaffiyar fuska. A yankin Tokiyo, gidajen da suka kalli fitowar farko ba su wuce kashi 8 cikin ɗari da 'yan kai ba. Daɗin daɗawa kuma, a wannan daren babban ɗan wasan yana kwance a asibiti da karyayyar cinya. Duk mai hankali da ya dubi al'amarin a lokacin zai ce wasan ba zai ga ƙarshen shekara ba. Amma sai ga shi ya yi fitowa 98 a jere, ya kuma haifi jerin wasanni da suka haura shekara hamsin ana yi.

Wannan lacca za ta bi diddigin yadda aka ƙago wasan, da irin halin da aka shirya shi a ciki, da yadda haɗarin babur guda ɗaya ya tilasta wa masu shi su raba jarumin da mutumin da ke fitowa a matsayinsa. Wannan rabuwa ita ce sirrin daɗewarsa.

Abin da ya gabace shi

Jarumin talabijin na farko a Japan shi ne Gekko Kamen, wanda ya fito a 1958. Farin rawani yake naɗawa, ya rufe fuska, ya hau babur yana farautar miyagu. Yara sun so shi ƙwarai, har wani yaro ya rasa ransa wajen kwaikwayon tsallensa, abin da ya jawo aka dakatar da wasan a 1959.

Bayan shekara bakwai sai Tsuburaya Eiji, gwanin dabarun hoto da ya yi aikin fim ɗin Godzilla na 1954, ya fito da Ultraman a gidan talabijin na TBS cikin Yuli 1966. Shi wannan jarumi ƙato ne mai tsawon mita 40, kuma abokan karawarsa dodanni ne masu girmansa. Domin a nuna girman nasu, dole a gina ƙaramin gari na katako da filasta, da gidaje da gadoji da turakun lantarki, sa'an nan a rushe shi a gaban kyamara. Wasan ya samu karɓuwar da ba a saba gani ba, har wani mako masu kallo suka haura kashi 40 cikin ɗari. Duk da haka aka tsayar da shi a fitowa ta 39 cikin Afrilu 1967, saboda ma'aikata sun kasa gama aikin kowane mako a kan kari, kuɗin da ake kashewa kuma ya yi yawa. Darasin da sauran kamfanoni suka ɗauka shi ne, ƙaton jarumi sai mai ƙaton aljihu.

Yadda aka ƙago jarumin

A 1970 gidan MBS ya nemi kamfanin fina-finai na Toei ya shirya masa wasan yara na daren Asabar. Aka ɗora nauyin a kan Hirayama Toru, ɗaya daga cikin masu shirya wasanni na kamfanin. Tun farko an san ba kuɗin gina garuruwan katako, saboda haka jarumin zai zama daidai tsawon mutum, ya yi faɗa da hannu da ƙafa a fili. Aka yi ta kawo shawarwari ana ajiyewa, daga ciki har da wani mai suna Cross Fire.

Wanda aka ba aikin zana siffar jarumin shi ne Ishinomori Shotaro, mashahurin mai labaran zane, wanda a lokacin ake kira Ishimori. Shi abin da ya fi so shi ne fuska mai kama da ƙoƙon kan matacce, irin ta wani jaruminsa mai suna Skull Man da ya buga a 1970. Ba a yarda ba, domin ana ganin ƙoƙon kai ba abin da za a nuna wa iyali ba ne a lokacin cin tuwon dare. Sai ya koma ya yi zane-zane masu yawa, ya baje su gaban ɗansa ƙarami, yaron ya nuna wanda ke da kan fara. Wanda ya lura da fuskar fara da kyau zai ga tana da ɗan kama da ƙoƙon kai, ga manyan idanu ga muƙamuƙi, watau Ishinomori bai yi asarar ra'ayinsa duka ba.

Manomin gero a Roni ko Gwiwa zai yi mamakin a ce fara ce mai ceton jama'a, tun da shi a gona ya san ta, kuma ba da alheri ba. A Japan ta 1970 kuwa, babbar damuwar jama'a ita ce gubar masana'antu da ta ɓata koguna da iska, har majalisar ƙasar ta yi zama na musamman a ƙarshen shekarar ta kafa dokoki a kai. Fara a idon Ishinomori wakiliyar daji ce da ciyawa, ga ta kuma gwanar tsalle.

Labarin da aka gina shi ne na Hongo Takeshi, saurayi masanin kimiyya kuma gwanin tseren babur. Wata ƙungiyar asiri mai suna Shocker ta sace shi, ta yi masa aiki a jiki, ta mai da shi rabi mutum rabi inji domin ya yi mata bauta. Kafin a taɓa ƙwaƙwalwarsa sai ya kuɓuta, ya juya ƙarfin da suka ba shi a kansu. Ashe ke nan jarumin da dodannin da yake kashewa duk ƙirar maƙera ɗaya ne, kuma ya san ba zai sake zama cikakken mutum ba. A ƙugunsa akwai ɗamara mai farfela a tsakiya. In ya hau babur ɗinsa ya sheƙa a guje, iska ta kaɗa farfelar, sai ya rikiɗa.

Halin da aka yi aikin a ciki

A wancan lokaci akwai rikici tsakanin kamfanin Toei da ƙungiyar ma'aikatansa a babban wurin ɗaukar fim na Tokiyo. Don kada yajin aiki ya tsayar da wasan, sai aka kama hayar wani ɗan wuri a unguwar Ikuta ta birnin Kawasaki, aka ba Uchida Yusaku shugabancinsa. Wurin ba shi da wani kayan aiki na a zo a gani. Yawancin faɗace-faɗacen a waje aka ɗauke su, a wuraren fasa dutse, da filayen da ake share wa sababbin unguwanni, da bakin madatsun ruwa. 'Yan ƙungiyar Ono Kenyukai, gwanayen faɗan wasan kwaikwayo, su ne suka riƙa shiga rigunan dodanni da na dakarun Shocker, suna faɗowa daga tudu suna birgima a tsakuwa. Igami Masaru shi ya fi kowa rubuta labaran, Kikuchi Shunsuke ya tsara kiɗan.

Aka zaɓi wani matashin ɗan wasa, Fujioka Hiroshi, ya fito a matsayin Hongo. Saboda ƙarancin kuɗi da kuma ƙarfin jikinsa, shi da kansa yake sa rigar jarumin a fitowar farko-farko, ya yi faɗan, ya tuƙa babur ɗin.

Haɗarin da abin da ya biyo baya

Ana cikin ɗaukar fitowa ta 9 da ta 10, tun ba a fara nuna wasan ba, babur ya kayar da Fujioka, ƙashin cinyarsa ta hagu ya farfashe. Likitoci suka ce sai ya yi watanni yana jinya. Aka shiga 'yan dabaru. Aka tattaro ragowar hotunansa da aka riga aka ɗauka ana saƙalawa cikin sababbin labarai, wani ɗan wasa mai suna Naya Rokuro yana ara masa murya. Aka yawaita nuna jarumin cikin rufaffiyar fuska, tun da kowa ma zai iya sa rigar. A fitowa ta 11 aka shigo da wani mataimaki, Taki Kazuya, domin a samu fuskar mutum da za ta riƙe labarin. Wannan duk ɗinkin gaggawa ne, ba zai kai ko'ina ba.

Da aka zauna shawara, wasu suka ce a kashe Hongo a cikin labarin a huta. Hirayama ya ƙi, yana ganin bai kamata a kashe wa yara gwarzon da aka gaya musu ba ya mutuwa ba, kuma yana so a bar wa Fujioka ƙofar dawowa. Matsayar da aka cim ma ita ce a ce Hongo ya tafi Turai yaƙar reshen Shocker na can, ya bar Japan a hannun wani. Ranar 3 ga Yuli 1971, a fitowa ta 14, aka gabatar da Ichimonji Hayato, mai sana'ar ɗaukar hoto, wanda shi ma Shocker ta yi wa aiki, Hongo ya cece shi. Sasaki Takeshi, abokin Fujioka tun a ƙungiyar wasan kwaikwayo, shi ya karɓi matsayin.

Nan kuma wata matsala ta taso. Sasaki ba shi da lasin tuƙa babur, kuma bayan abin da ya faru ba wanda ke son a sake jefa babban ɗan wasa cikin haɗari. To, yaya zai rikiɗa ba tare da gudun babur ba? Sai aka tsara masa ya tsaya cak a gaban abokan gaba, ya miƙa hannuwa gefe guda, ya kewayo da su sannu a hankali, ya ɗaga murya ya ce henshin, watau rikiɗa, sa'an nan ya daka tsalle iska ta kaɗa farfelar. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ɗan dambe da ɗan tauri da maharbi duk sukan ɗaura ɗamara, su tsaya a fage su yi kirari kafin a gwabza, kuma sau da yawa kirarin ya fi karawar kanta tsayawa a ran 'yan kallo.

Haɗarin ya zama gobarar Titi. Babur sai mai shi, amma tsayuwa da kewaya hannu da kira ɗaya, kowane yaro zai iya yinsu a tsakar gida ko filin makaranta ba tare da ko sisi ba. Aka kuma yi amfani da damar aka rage duhu da ban tsoro na fitowar farko, aka haskaka launin rigar, aka ƙaro 'yan mata da yaro cikin mataimakan jarumin. Masu kallo suka yi ta ƙaruwa har suka kai kashi 30 cikin ɗari a yankin Tokiyo. Kamfanin kayan wasan yara na Popy, reshen Bandai, ya ƙera ɗamarar roba mai farfela da fitila a kan yen 1,500, ya sayar da kimanin miliyan 3 da dubu 800. Kamfanin Calbee ya riƙa haɗa katin hoton jarumin da ƙunshin abin taunawa, har iyaye suka yi ta kuka cewa yara na cire katin su zubar da abincin. Tsohuwar matsalar Gekko Kamen ma ta dawo, domin yara sun ji raunuka wajen kwaikwayon tsallen, har aka sa jarumin ya gargaɗe su a cikin wasan.

Fujioka ya warke. Ranar 1 ga Janairu 1972, a fitowa ta 40 da aka ɗauka a gindin dutsen Sakurajima mai aman wuta, jaruman biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Daga fitowa ta 53 cikin Afrilu 1972 ya karɓi matsayinsa na farko, shi ma da tasa tsayuwar rikiɗa. Wasan ya ƙare ranar 10 ga Fabrairu 1973.

Jarumi ya zama sarauta

Tun ranar da aka sami Kamen Rider na ɗaya da na biyu, sunan ya tashi daga na mutum ya koma na muƙami. Mako guda bayan ƙarewar wasan, Kamen Rider V3 ya fara, da sabon ɗan wasa Miyauchi Hiroshi, da sabuwar riga da sababbin abokan gaba, yara kuma suka karɓe shi ba gardama. Kamar dai yadda sarautar Kazaure ta wanzu tun daga Ɗantunku, mai riƙe da ita na sauyawa ita tana nan. An huta bayan 1975, aka dawo a 1979 da 1987. Ishinomori ya rasu a 1998, amma daga 2000 zuwa 2025 ba a yi shekarar da ba a naɗa sabon mahayi ba.

Reshe ma ya fita daga jikinsa. A 1975 gidan MBS ya sauya abokin hulɗa a Tokiyo, NET ta rasa wasan. Domin cike gurbin, Hirayama da Ishinomori suka farfaɗo da wata tsohuwar shawara ta haɗa jarumai biyar wuri ɗaya, aka sami Gorenger. Daga zuriyarsa ne Haim Saban ya ɗauki hotunan faɗan Zyuranger na 1992, ya haɗa da 'yan wasan Amurka, ya fitar da Power Rangers a 1993, wanda yaran Nijeriya da yawa suka sani. Rufaffiyar fuskar da ta ɓoye rashin Fujioka ita ce ta sa aka iya sauya 'yan wasa daga wata nahiya zuwa wata.

Kammalawa

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wasan talabijin ba ce. Gidan talabijin na Kaduna ya buɗe a 1962, Kano ta kafa CTV a 1982, kuma masu wasanni a waɗannan gidaje sun yi aiki cikin rashin kayan aiki da bai gaza na Ikuta ba. Sai dai a nan suna yakan manne wa mai shi. Samanja Mazan Fama shi ne Usman Baba Pategi, Usman Baba Pategi shi ne Samanja, har rasuwarsa a 2023. Wannan shaida ce ta gwanintarsa, amma kuma ita ce iyakar wasan.

Ɗalibin Kazaure ko Babura da ke sha'awar wannan sana'a, da ma'aikacin gwamnati da wata rana za a kawo wa takardar kasafin gidan talabijin ya sa hannu, suna da abin dubawa a nan. Mutanen Ikuta ba su fi kowa kuɗi ba. Sun ƙago jarumin da aljihunsu zai iya ɗauka, sun ba yaro abin da zai iya kwaikwaya da jikinsa, sa'an nan da ƙaddara ta faɗa wa ɗan wasansu, suka gina labarin yadda wani zai gaje shi ba tare da an binne na farko ba.