Yadda "born again" ta zama sunan ƙungiya

Kalmar da Yahaya ya rubuta a Yahaya 3:3 da Helenanci ita ce anothen, kuma tana da fuska biyu: tana nufin "kuma", tana nufin "daga sama". Nikodimu ya kama ta farko, shi ya sa ya kawo zancen komawa cikin uwa. Amma a duba 3:31 da 19:11, inda wannan kalma ba ta da wata ma'ana sai "daga sama". Masu fassarar Sarki James a 1611 sun zaɓi "born again", suka ajiye ɗaya ma'anar a gefen shafi, inda ba kowa ke kai ido ba.

Shekaru aru-aru kalmar tana bayyana aikin da Allah yake yi a cikin mutum. A ƙarni na ashirin ta koma laƙabi. A 1976 Jimmy Carter ya kira kansa da ita yana neman shugabancin Amurka, a shekarar kuma Charles Colson ya fitar da littafi mai wannan suna. A Najeriya, farkawar da ta biyo bayan yaƙin basasa ta yaɗa ta cikin ɗalibai, ta Scripture Union da ƙungiyoyin jami'o'i, har aka fara raba masu bi gida biyu, ana cewa wane bon-agen ne, wane kuwa ɗan coci ne kawai.

A ƙasarmu wannan rabo yana da tsada. Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa su ne ƙashin bayan ikilisiyoyin wannan yanki, kuma har yau ba mu da yawa. Ikilisiyar da ba ta cika benci goma ba, in ta tsage a kan laƙabi, me ya saura? Maƙwabcinmu na Kurya ko Shinkafi kuwa, in ya ji kalmar, ɗauka yake wata ɗariƙa ce.

A nan ina ganin Hausa ta fi Turanci taimakon mai wa'azi. Bahaushe ba ya cewa ya haifi kansa, sai dai "an haife ni". Aikin wani ne, haka ma yake a Helenancin ayar. Don haka in kuna koyar da masu shirin baftisma, ku karanta musu Yahaya 3 tare da 1 Bitrus 1:3 da Titus 3:5, ku tambaye su wane ne mai aikin a kowace aya.