Saniyar Gida da Tarin Fuka: Darasi Daga Tarihin Ingila

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu waiwayi yadda aka gane cewa tarin fukan shanu yana kama mutane, mu kuma nuna dalilin da ya sa ƙaramin manomi mai saniya guda ta tatsa yake cikin hatsari na musamman.

2.0 Gardamar Masana

Cikin shekara ta 1882 ne Robert Koch, mutumin Jamus, ya gano ƙwayar cutar tarin fuka. A 1898 kuma Theobald Smith na Amurka ya nuna cewa ta shanu daban take da ta mutane. Amma a taron da aka yi a Landan cikin 1901, sai Koch ya ce ta shanu ba wani abin tsoro ba ce ga ɗan Adam. Gwamnatin Ingila ta kafa hukumar bincike, wadda ta yi shekara goma tana gwaje-gwaje, har a 1911 ta tabbatar cewa Koch ya yi kuskure. Madarar saniya mai cutar tana kama yara, ta kumbura musu kaluluwar wuya, ta ci hanji da ƙashi.

Duk da haka an yi jinkiri. Zuwa shekarun 1930 an ƙiyasta kusan kashi 40 cikin ɗari na shanun tatsa na Birtaniya suna ɗauke da cutar, mutum wajen 2,500 kuma suna mutuwa da ita kowace shekara. A 1935 aka soma shirin gwada garke da allurar tubakulin, a 1950 aka mai da shi tilas yanki bayan yanki, ana yanka wadda ta kamu a biya mai ita diyya.

3.0 Matsayin Saniyar Gida

Dafa madara a masana'anta ya kāre mutanen birni ne tun da wuri. Saniyar gida kuwa madararta ba ta zuwa masana'anta; daga hantsa sai bakin yara, kullum, kuma daga saniya ɗaya tak. Bugu da ƙari, saniya tana iya daɗewa da cutar ba ta rame ba, ba ta tari, alhali mai tatsarta yana shaƙar numfashinta safe da yamma. Wanda ke da saniya guda kuma shi ne mafi jin tsoron gwaji, domin in an yanka ta ya rasa duka.

4.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya shafe mu, domin ana samun huhu mai cutar a mahautanmu, nono kuma sau da yawa ba a dafa shi kafin ya kwana. Tsami kaɗai ba ya tabbatar da mutuwar ƙwayar. Tafasawa ce ke kashe ta. Muna ganin ya kamata makarantunmu na horon malamai su koyar da wannan, hukuma kuma ta haɗa gwaji da diyya, don kada makiyayi ya ɓoye saniyarsa.