Zinariyar Anka da Bukkuyum, da Abin da Ta Bari a Jikin Yara

Haƙar zinariya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zamfara. Turawan mulkin mallaka sun haƙe ta a Arewa a shekarun 1930, yaƙin duniya na biyu ya sa suka watsar, ramukan suka koma hannun manoma masu neman na cefane da rani. Da farashinta ya yi tashin gwauron zabi bayan 2008, sai sana'ar ta shigo har tsakar gida. Maza su kawo dutse a buhu, a farfasa shi, a zuba a injin niƙan da aka saba kai wa gero, mata su shanya garin a inda yara ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. A Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Binciken hukumar CDC ta Amurka a Dareta ta Anka da Yargalma ta Bukkuyum ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar mamatan ta haura 400.

An kwashe ƙasar gidaje, an ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini, garin Bagega ma ya samu nasa aikin a 2013 bayan dogon jan ƙafa. Daga nan hukuma ta ɗauka an rufe babin. Ni kuwa ina ganin ba a rufe ba, domin yaran da suka tsira su ne suka tasa cikin ƙarar bindiga, kuma guba da firgici hanya ɗaya suke bi a jikin ɗan Adam.

Tun 1936 Hans Selye ya ga cewa ɓeran da aka daɗe ana takura wa, ko da sanyi ko da rauni, wani ɗan ƙullutu da ke saman ƙodarsa yakan kumbura, cikin ɓeran kuma ya yi gyambo. Ƙullutun nan shi ke fitar da sinadarin kotisol, mai shirya jiki don gudu ko faɗa. A 1968 Bruce McEwen na Jami'ar Rockefeller ya gano cewa irin wannan sinadari yana kama sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe karatu da tunawa. Sai Deborah Cory-Slechta ta Jami'ar Rochester, wadda ta fara aikinta kan dalma, ta haɗa biyun: ta ba ɓeraye masu ciki dalma, ta kuma takura musu, ta tarar cewa tsarin sinadarin firgici na 'ya'yansu ya sauya har girmansu, wani lahanin ma bai bayyana sai an haɗa gubar da takurar. To, yaron da aka haifa a 2009 a Abare, ɗaya daga cikin ƙauyukan da dalmar ta shafa, yana da shekara goma sha biyu ko sha uku lokacin da 'yan bindiga suka yi kisan gilla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Janairu 2022.

Za a ce ɓera ba yaro ba ne. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai ɗauki sakamakon ɗakin gwaji ya ɗora kan wani yaro ya ce ga makomarsa. Amma da yawa daga abin da aka sani game da illar guba a dabba aka fara ganinsa, kuma dalmar da aka auna a jinin yaran Zamfara ta ninka wadda aka auna a jinin ɓerayen nan. Wasu kuma za su ce mai jin yunwa a sansanin gudun hijira, ko uwar da ta kai ɗanta asibitin Gummi da tamowa, ba ta da lokacin zancen ƙwaƙwalwa. Wannan ya fi nauyi. Sai dai abin da ke sanyaya firgicin yaro ba kayan alatu ba ne: barci ba tare da an tashe shi a gudu ba, babba ɗaya da ba ya ɓace masa, makarantar da ke buɗe kullum. Zaman dangi ya daɗe yana samar da su kyauta kafin hijira ta tarwatsa gidaje.

Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilu 2019, ta ɗage haramcin a Disamba 2024. Tun da sana'ar ta dawo bisa izini, hakkin gwamnatin jiha ne ta nemo yaran da aka yi wa magani a 2010, waɗanda yanzu samari da 'yan mata ne, a duba karatunsu da lafiyar hankalinsu, kafin su ma su haifi nasu a gidajen da ake niƙa dutse.