Abdullahin Gwandu da Littafin da Kanawa Suka Roƙa

Wajajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas, da niyyar ba zai tsaya ba sai ƙasa mai tsarki. Abin da ya gani cikin jama'arsa ne ya dame shi. Malamai da mahaddata da yawa sun yi shahada a yaƙe-yaƙen Tsuntsuwa da Alwasa, cikin waɗanda suka saura kuwa wasu sun fara kwaɗayin sarauta da dukiya. Shi da kansa ya ba da labarin nan a littafinsa Tazyinul Waraƙati.

A Kano tafiyar ta tsaya. Sarki Sulaimanu bai daɗe da hawa ba, mulki ya koma hannun malamai, amma karatun zaure daban, riƙon ƙasa daban. Kanawa suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su riƙa dubawa wajen hukunci. Sai ya wallafa Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da su tafsiri.

Littafin ya tsaya kan mazhabar Malikiyya. Ya fayyace yadda ake naɗa shugaba da haƙƙin talakawa a kansa, da sharuɗɗan waziri da alƙali da sauran masu riƙe da amana, da iyakar inda sarki zai yi hukunci da siyasa ba tare da ya ƙetare shari'a ba. Mutumin da tsoron zalunci ya raba da gida, shi ne ya zauna ya shata wa masu mulki iyaka a rubuce.

Buƙatar ba ta Kano kaɗai ba ce. A shekarun nan Malam Zaki, wanda ya karɓi tutar Shehu, jagoran jihadin, yana kafa masarautar Katagum a kan iyakar Barno, kuma kowace sabuwar masarauta sai ta nemi alƙalin da talaka zai kai wa kuka.

Abdullahi ya koma gida. A 1812 Shehu ya damƙa masa yammacin daula, ya ci gaba da rubutu har ya rasu a Gwandu wajajen 1829. Turawa da suka zo a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba, sai dai sun hana wasu haddodi. Alƙalan Katagum, kafin a mayar da fada Azare a 1916 da bayan nan, sun ci gaba da yanke hukuncin laifi da fiƙihun Malikiyya, har zuwa 1960 da dokar Final Kod ta Jihar Arewa ta fara aiki.